Haddis ɗina ya faɗi yana cikin aiki, yanzu sai ƙas-ƙas yake yi, dan Allah me zan yi?

Mai Kyamara Rikkos:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san kan kwamfuta ku taimaka min da shawara, wallahi tun daren jiya ban runtsa ba.

Ni sana'ata ɗaukar bidiyo da hoton biki ne a nan Jos. Satin da ya wuce na ɗauki wani biki na kwana uku, kamu da ɗaurin aure da dina, katin memori uku na cika. Ranar Litinin na kwashe komai na zuba a estanal ɗina, wato haddis na waje da ake jonawa da kebul ana ajiye fayil a ciki, mai tera 2 saboda laftop ɗin ta cika babu wuri, da na buɗe na ga komai ya shiga lafiya sai na yi fomatin katunan kaman yadda na saba, har na ɗauki wani bikin suna da ɗaya daga ciki ranar Laraba. Jiya bayan isha'i ina zaune a falo ina tace aikin kai tsaye daga estanal ɗin sai aka ɗauke wuta, batir ɗina kuma ba ya riƙe caji, sai na yi wuf na ɗauki laftop ɗin zan kai ɗaki inda nake da wayar janareton maƙwabcina, na manta shaf da cewa akwai abu a jone. Kebul ɗin ya jawo shi daga kan tebur, ya ɗan yi lilo sannan ya zare ya faɗi kan tayil. Teburin nan ko gwiwata bai kai ba. Murfinsa ko ƙwarzane bai yi ba.

Na mayar na jona, ƴar wutarsa ta kama, in ka kara shi a kunne za ka ji ya tashi zuuu sai kuma ƙas, ƙas, ƙas kaman sau goma, sai ya yi shiru, sai ya sake. Kwamfuta ba ta ganinsa. Na canza kebul, na canza rami, da asuba na kai kwamfutar maƙwabcina, duk ɗaya. Inaga na jona shi ya kai sau goma sha biyar daga jiya zuwa yanzu.

Bikin nan an biya ni rabin kuɗi kuma amarya za ta tare a Kaduna ƙarshen wata, suna jiran aikinsu. Amma abin da ya fi ci min rai ba shi ba ne. Akwai muryar Babanmu, Allah ya jiƙansa, kaset shida da na juya zuwa kwamfuta shekara huɗu da suka wuce, yana ba da labarin yadda kakanmu ya taso daga ƙasar Kano ya zo Jos aikin kuza, da sunayen dangi da inda kowa ya zauna. A cikin haddis ɗin nan kawai suke.

Wani ya ce in ƙulle shi a leda in sa a firiza ya kwana. Wani ya ce in ɗan bubbuga shi a tafin hannu tunda faɗuwa ce ta goce shi. Akwai kuma wani yaro mai gyaran waya da ya ce in kawo yau zai buɗe ya daidaita min. Wanne zan yi a ciki? Ko akwai manhajar da zan sauke ta jawo min fayil ɗin?

Ɗan Gangare:

Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ɗan'uwa maganar firiza ɗin nan ni dai na sha ji, har wani abokina ya ce ya taɓa yi ya samu ya kwashe kayansa kafin ya mutu gaba ɗaya. Sannan ka nemi Recuva kyauta ce, ni da ita na dawo da hotuna da na goge a filash. Ka gwada duka biyun ai ba a san inda rana za ta faɗi ba

Injiniyan Wuse:

Malam kafin ka karanta sauran abin da zan rubuta, in yana jone yanzu ka tashi ka zare shi. Kar ka ƙara jona shi ko sau ɗaya, ko da niyyar bari in gani ko ya dawo. Ni gyaran kwamfuta nake a Wuse 2 a Abuja shekara da shekaru, kuma mafi yawan haddis da ake kawo min wanda ba ya ceto ba faɗuwar ce ta ƙarasa shi ba, gwaje-gwajen da aka yi bayan faɗuwar ne.

Bari in gaya maka abin da ke cikin akwatin nan don ka gane dalili. Akwai faifai a ciki, ɗaya ko biyu, masu ƙyalli kaman madubi, a ƙananan haddis irin na laftop da estanal galibi na gilashi ne aka shafe shi da wani siririn sinadari mai maganaɗisu, a kan wannan shafen ne duk bidiyonka da muryar Baba suke. Faifan yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya, wato sau 90 kenan kowane daƙiƙa, manya na tebur wasu 7200 suke yi. Sai kuma wani hannu mai allura a baki da yake kai da komo a samansa yana karantawa yana rubutawa, kaman allurar garmaho na da, sai dai ita wannan ba ta taɓa faifan ko kaɗan, iskar da juyawar take tayarwa ce take ɗauke da ita. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita 10 ba, alhali silin gashin kai ɗaya galibi ya haura nanomita 50,000. To ka ƙiyasta. Abu yana shawagi a wannan tazarar a kan faifai mai wannan gudun sai ka buga shi da tayil. Ba sai ya faɗo daga bene ba, tsayin gwiwa ya isa har ya yi yawa.

Da a kashe yake lokacin da ya faɗi da wataƙila ba abin da zai same shi, domin in an kashe shi hannun yana komawa gefe ya hau wani ɗan tudun roba ya kwanta nesa da faifan, shi ya sa za ka ga mutum ya yar da nasa daga aljihu ya ɗauka ya ci gaba da aiki, sai ya ɗauka ai abin nan ƙarfe ne. Naka kuwa yana tsakiyar karatu ne. Wasu laftop irin su ThinkPad suna da na'urar da take jin kwamfuta ta fara faɗowa ta janye allurar kafin a kai ƙasa, amma yawancin estanal da muke saya ba su da wannan.

Ƙarar da kake ji, hannun ne yake fitowa yana neman alamar da zai gane inda yake a kan faifan, ya rasa, ya koma ya bugi maƙurarsa, ya sake fitowa. Kusan kullum ma'anarta allurar ta lalace ko ta lanƙwashe. Kuma in ta lanƙwashe, duk jonawar da ka yi tana iya kartar faifan, abin da ta kankare ya zama ƙura, ƙurar ta shiga ƙarƙashin ɗaya allurar ita ma ta fara karta. Na taɓa ganin wanda aka buɗe bayan mai shi ya bar shi a jone ya kwana wai ko zai tashi, zobe guda ne a jikin faifan an goge shafen tas har kana hango haske ta gilashin, ƴar matatar da ke ciki ta yi baƙi ƙirin da gari. Wannan garin shi ne fayil ɗinsa. Babu injiniyan da zai iya mayar da shi a duniya.

Ɗan Gangare ka yi haƙuri amma firiza a'a. Asalin maganar daga tsofaffin haddis ne na da can da wani lokaci allura take mannewa ko injin ya cije, sanyi ya ɗan motsa ƙarfen ya sake. Na yanzu ba haka aka ƙera su ba, kuma haddis ba a toshe yake ruf ba, yana da ɗan ramin shan iska mai matata. Ka duba yadda kwalbar lemo take zufa in ka fito da ita daga firij, to haka faifan zai yi raɓa a ciki, sannan ka kunna allura ta bi ta kan ruwa. Recuva kuma manhaja ce mai kyau amma aikinta fayil da aka goge a na'ura mai lafiya wadda kwamfuta take gani. Wanda kwamfuta ba ta ma gani ba manhajar da za ta kai gare shi.

Bubbugawa kuma ƙarin faɗuwa ce kawai. Shi kuma yaron da ya ce zai buɗe, na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kar ka ba shi. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar nan girma nesa ba kusa ba, balle shatin yatsa, balle kuma yanzu da hazo ya sauko muku a Jos. Masu wannan aikin a cikin wani tebur mai tace iska suke buɗewa, su nemo wani haddis iri ɗaya sak su cire allurarsa da kayan aiki na musamman su dasa a naka, sannan su kwafe faifan a hankali zuwa wani sabo. Ba gyara shi ake ya koma aiki ba, ana dai lallaɓa shi ne ya yi numfashin da za a kwashe abin ciki.

Yanzu gaya min, katunan nan uku suna ina, kuma wane irin fomatin ka yi musu?

Mai Kyamara Rikkos:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Oga wallahi lokacin da nake karanta saƙonka yana jone, na zare. Jikina duk ya yi sanyi da maganar garin nan, sau goma sha biyar fa.

Katunan suna cikin jakar kyamara. Biyu ban taɓa su ba tun da na yi musu fomatin a cikin kyamara, fomatin ɗin da aka saba na ƴan daƙiƙu. Na ukun shi ne na ɗauki suna da shi, mai giga 64 ne kuma sunan ya ci kaman rabi, a cikinsa dina take.

Sannan wani ya ce min wai in aka samu irinsa aka canza fanel ɗin bayan nan mai kore zai tashi, gaskiya ne?

Maman Biyu:

Sannu ƙanina, Allah ya kawo mafita, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Ni ba injiniya ba ce, ɗinki da shagon buga takardu nake yi a Bukuru, amma na ɗanɗani irin wannan shi ya sa na kasa wucewa.

Nawa babban estanal ne irin mai zaman tebur da yake da cajarsa daban. Muna share shago ranar wata Asabar aka zare wayoyi duka aka tara wuri ɗaya, da na zo mayarwa sai na ɗauki cajar laftop na cusa masa, bakinsu iri ɗaya ne ya shige daidai ba gardama. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba na ji ɗan tas da warin ƙonewa kaman an ƙona roba. Ashe shi bolt 12 yake sha ita kuma cajar laftop 19 take bayarwa, a rubuce yake a jikinsu da ƙananan haruffa amma wa yake dubawa. A ciki akwai furojet na ɗalibai sun fi ashirin da na buga musu suna jiran a ɗaure, ga na mutum uku da za su kare a satin. Na zauna a ƙasan shago na yi kuka sosai. Allah ya taimake ni wanda na kai wa ya ce wani ɗan ƙaramin abu ne a fanel da aka sa shi dama don ya ƙone ya tsare sauran, shi ya cire, na samu na kwashe komai a ranar da na kai masa. Tun daga nan kowace caja a shagona na naɗa mata farin salatif na rubuta sunan abin da take ci da biro.

Amma abin da nake so in gaya maka daban ne. Ka je ka samu masu bikin nan yau ko gobe ka gaya musu gaskiya, kar ka bari sai sun fara kira kana cewa ana kan aiki ana kan aiki. Ni kwana biyu na yi ina ɓoyewa kuma wallahi ɓoyewar ta fi asarar zafi, ɗaya daga cikin ɗaliban da ya ji a bakin yarinyar shagona har yau bai ƙara taka ƙafarsa wurina ba, waɗanda na kira da kaina na gaya musu kuwa wasu ma sai suka ce ai suna da rabi a imel ɗinsu. Kai ma in ka faɗa da wuri ƙawayen amarya ba su riga sun goge abin da suka ɗauka a waya ba, dinar nan ai kowa da wayarsa a sama, za ka iya tattarawa ka cike gurbi. In ka bari wata ya wuce wayoyi sun cika an goge. Kar ka faɗa a waya, ka je gidan da ƙafarka, in da hali ka tafi da wani babba.

Injiniyan Wuse:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma abin da ya ƙone mata daiyod ne na kariya, an sa shi ne daidai saboda irin wannan kuskuren, ta yi sa'a a nan abin ya tsaya. Ka ga bambancin kenan, nata wuta ce ta taɓa fanel faifai yana lafiya, naka kuwa ciki ne ya bugu. Don haka canza fanel ba zai yi maka komai ba. Ko a inda fanel ɗin ne ya mutu ma ba a canzawa haka kawai a na zamani, akwai ɗan guntun cif a jiki da yake riƙe da saitin wannan haddis ɗin shi kaɗai, sai an ɗauke shi da dalma an mayar kan sabon.

Katunanka kuwa albishir ne. Fomatin na sauri ba ya share bidiyon, jadawalin da yake nuna inda kowane fayil yake kawai yake sharewa, kaman ka yage shafin farko na littafin bashi amma sauran shafukan suna nan. Sai an rubuta sabon abu a kai ne na da yake tafiya. Akwai dai kyamarorin da suke da zaɓin gogewa gaba ɗaya, in ba shi aka yi ba akwai fata sosai.

Ga abin da za ka yi. Cire su daga jaka, a gefen kowane kati akwai ɗan maɓalli, ja shi ƙasa ya kulle yadda ba abin da zai iya rubutu a kai. Kar ka mayar da su cikin kyamara. Ka sa a abin karanta kati, ka sauke PhotoRec, kyauta ce kuma tana tafe tare da TestDisk, fuskarta ba ta da kyan gani amma tana aiki, ba ta damu da jadawali ba, bin katin take daga farko zuwa ƙarshe tana gane hoto da bidiyo ta yadda kansu yake farawa. Abin da ta samo ka ce ta zuba a wani wuri daban, ba cikin katin ba, don haka sai ka aro ko ka sayi wani haddis mai lafiya tukunna. Sunayen fayil za su dawo a hargitse lambobi kawai, kuma hotuna sun fi dawowa lafiya a kan bidiyo, dogon bidiyo wani lokaci a gutsure yake a cikin kati sai ya dawo ya ƙi buɗewa. In ka ga haka kar ka goge shi, akwai hanyar ɗinke wasu in an samu lafiyayyen bidiyo daga kyamarar ɗaya. Kati na uku ka fara kwafe aikin bikin sunan ka ajiye, sannan ka bi shi da PhotoRec, rabin da sunan bai hau ba yana iya ba ka wani abu daga dinar.

Shi kuma haddis ɗin in ka tashi kai shi, a Abuja ne ko Legas, ka yi tambaya kafin ka miƙa. A ina za ku buɗe shi, ku nuna min wurin. Kuna da na'urar kwafar faifai irin PC-3000 ko manhaja kawai za ku sa masa. In ba a samu komai ba nawa zan biya. Duk wanda ya karɓa ya juya zai jona a kwamfutar kan teburinsa bayan ka gaya masa ya faɗi yana ƙara, karɓi abinka ka fita. Ka kuma faɗa musu sau nawa ka jona, kar ka rage. Ni kaina ba na buɗe haddis a shagona, ba ni da wurin, turawa nake, kuma ka shirya domin kuɗin aikin yakan ninka kuɗin sabon haddis sau da yawa tunda sai an sayi wani an yanka saboda naka. Amma ba gaggawa, a kashe a cikin durowa wuri mara danshi zai jira ka watanni ba abin da zai ƙaru. In za ka taho da shi ka naɗe shi da soso ko tawul ka riƙe a cinyarka, kar ka sa a but, ka san gargadar hanyar nan daga Hawan Kibo zuwa Akwanga.

Nan gaba in ka samu hali aikin tacewa ka koma yinsa a kan SSD, wato wani irin ma'ajin fayil, shi ba faifai ba allura, faɗuwa daga tebur ba ta cika yi masa komai ba. Amma kar wani ya ce maka ba ya mutuwa, yana mutuwa kuma shi ba ya ma yin ƙara ya gargaɗe ka, sannan abin da ka goge a cikinsa da wuya ya dawo saboda shi da kansa yake bi yana sharewa. Kuma ka daina fomatin kati sai aiki yana wuri biyu.

Tsohon Akawu:

Salamu alaikum. Yaro sannu da wannan jarrabawa. Na karanta duka kuma ba ni da abin ƙarawa a kan bayanin Injiniya, Allah ya saka masa. Tambaya ɗaya ce da ni wadda ban ga an yi ba, su kaset ɗin shida na asali ina suke? Mutane da yawa in sun juya kaset zuwa kwamfuta sai su ga ai an gama da shi su watsar, alhali kaset in bai sha rana ko ruwa ba yana shekara talatin da sauti a cikinsa. Ka tambayi iyayenka mata da gwaggonninka, su ne ba sa yar da kaya. Sannan ka tuna da kyau, lokacin da ka juya ɗin ba ka tura wa kowa ko guntu ba? Ƴan'uwa na nesa, zauren dangi na WhatsApp, tsohuwar wayar da ka daina amfani da ita, ko kwamfutar da aka yi juyin da ita tun farko.

Na yi aikin ofis a Jos tun zamanin da muke adana lissafi a faifan fulofi mai ɗaukar megabait 1.44, kuma ƙa'idar da muka bi ita ce duk ranar Juma'a kafin a tafi masallaci a yi kwafi biyu, ɗaya a kabad ɗin ofis ɗaya a wani gini daban. Abin da masana suke faɗa yanzu ma bai wuce haka ba, kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri da ba gidanka ba. Sauti ba shi da nauyi kaman bidiyo, kaset shida ba za su cika giga 15 da Google yake bai wa kowa kyauta ba.

Wani abu kuma tunda muna cikin hunturu, ga masu buɗe kwamfuta su ƙara mata RAM ko su hure ƙura. Wannan ɗan tartsatsin da yake cizon yatsa in ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi da dare, ya isa ya kashe kayan ciki, kuma a bushewar iskar Jos ta Disamba da Janairu ya fi yawa. Ni da hannuna na kashe RAM sabo fil a kan kafet ina sanye da suwaita, ban ji komai ba ban ga komai ba, kawai dai bai ƙara aiki ba. A zare wuta, a taɓa ƙarfen akwatin tukunna, a riƙe kaya ta gefe.

Labarin zuwan mutanenmu haƙar kuza ba na gidanku ba ne ku kaɗai, unguwanni da yawa a garin nan haka suka kafu, kuma masu ba da shi da bakinsu sun kusa ƙarewa. In Allah ya sa muryar ta dawo ka zauna ka rubuta ta a takarda.

Mai Kyamara Rikkos:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ku yi haƙuri kwana uku shiru, ga yadda ake ciki.

Oga Injiniya na bi yadda ka ce. Na aro haddis wurin abokin aikina na kulle katunan na sa PhotoRec, kati ɗaya ya ɗauki wajen awa biyu. Na kamu da na ɗaurin aure hotuna sun dawo kusan duka, bidiyo kuma guda huɗu ne suka ƙi buɗewa na ajiye su a folda daban ban goge ba. Lokacin da na danna na farko na ga ango da abokansa suna fitowa daga masallaci wallahi sai da na yi sujada. Kati na uku dai kaman yadda ka ce, farkon dina ya tafi, shigowar amarya da ango babu, daga yankan kek zuwa ƙarshe ne ya dawo.

Anti Maman Biyu na je gidan tare da yayana ranar da kika yi maganar. Mahaifiyar amarya ranta ya ɓaci sosai kuma tana da gaskiya, ta ce shigowar nan ita ce ba za a sake ba. Na ce zan sauke musu sauran kuɗin, mahaifin ya ce a'a in rage dai wani abu. Ƙanwar amarya ta sa magana a zauren ƙawaye, zuwa jiya an turo min bidiyo goma sha ɗaya na shigowar, yawanci a tsaye aka ɗauka kuma suna rawa, amma biyu sun yi kyau, na roƙi masu su su kawo wayar in kwafa da kebul don kar WhatsApp ya rage musu haske.

Baba Akawu na je Anguwan Rogo wurin gwaggonmu. Ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, cikin zannuwa ga kaset biyu da rubutun Baba a jiki da jan biro, na 2 da na 5. Sauran huɗun ta ce tun tashinmu daga tsohon gida ba ta ƙara ganinsu ba. Ban sa su a rediyo ba tukunna, ina tsoron kar ta cinye zaren, sai na samu mai kyau an goge kanta. Ƙanina da yake Zariya kuma ya ce yana ganin na taɓa tura masa wani guntu, yana neman cajar tsohuwar wayarsa.

Haddis ɗin na naɗe shi da tawul na sa a leda na kulle a durowar sama, na manna takarda a jiki na rubuta kar a jona. Ina da biki biyu a watan gobe, abin da ya shigo zan ware in taho da shi Abuja. Oga in na shirya zan yi maka magana ka nuna min inda kake turawa, kuma dan Allah bidiyo huɗun nan da suka ƙi buɗewa, lafiyayyen da ka ce a samo daga kyamarar ɗaya, ko wanne ne zai yi ko sai wanda aka ɗauka da saiti iri ɗaya?